Limit, Limita da Limited

Wannan karon muna so mu tsaya a kan wata kalma ta Turanci da ta shigo bakinmu ba sallama, ta kuma samu wuri ta zauna daram. Kalmar ita ce limit. Yau ko dattijon da bai taɓa zama a bencin makarantar boko ba, za ka ji shi a bakin kara ranar Laraba yana cewa, "Alhaji, a yi haƙuri sai gobe, limit ɗina ya cika." Mai POS na faɗinta, dillali na faɗinta, yaron mota na faɗinta. Mu dai Islamiyya muka yi, Turancinmu na kasuwa ne, wanda ake tsinta a bakin shago. Amma tunda kalmar nan da 'yan'uwanta sun fara shiga tsakanin mutum da dukiyarsa, ya zama dole mu zauna mu san ta.

Yawancinmu mun yi gaba da gaba da ita ne a ƙarshen 2022. Ranar 26 ga Oktoba na wannan shekara, gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar canza takardun naira 200 da 500 da 1,000. Ranar 6 ga Disamba sai wata takarda ta biyo baya, cewa mutum ɗaya ba zai ciri fiye da naira 100,000 a mako ba sai da ƙarin caji, kamfani kuma 500,000, a na'urar ATM da wurin mai POS kuwa 20,000 a rana. Da surutu ya yi yawa, kafin watan ya ƙare aka ɗaga zuwa 500,000 ga mutum, miliyan 5 ga kamfani. To, a garin da ake loda shanu a tirela zuwa Legas da Fatakwal kowane mako, wanda kuma ya koro su daga daji ba shi da asusu, kuɗi a hannu kawai ya sani, kowa ya san abin da wannan lissafi yake nufi. Kun tuna Janairu da Fabrairun 2023, lokacin da kaya ɗaya ya zama yana da farashi biyu, na kuɗi a hannu da na taransifa, ana sayen naira da naira, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da yawo. Ba shari'ar wancan lokaci muka zo yi ba, ya wuce. Kuɗi sun dawo hannu, amma kalmar ba ta koma inda ta fito ba.

A taƙaice ma'anarta iyaka, wurin da abu yake tsayawa ba ya wucewa. Wanda ya buɗe ƙaramin asusu na matakin farko, an ce masa kuɗin ciki ba za su haura naira 300,000 ba, wannan shi ne limit ɗinsa. Wanda ya tura kuɗi a waya har ta ƙi, sai ya jira gobe. Akwai wani malamin sakandare da ke sallah tare da mu, shi ya buɗe mana ƙamus ya nuna mana cewa Turawan Ingila ma aro kalmar suka yi, ta hannun Faransawa, daga harshen Latin na mutanen Rum na dā. A can asalinta sunan 'yar hanyar da ake bari ce tsakanin gona da gona, daga baya suka kira bakin iyakar daularsu da ita. Da muka ji haka sai muka yi dariya, muka ce ashe burtali ne. Duk wannan kalma da take tsorata mu a fuskar waya, tushenta burtali ne, hanyar da manomi yake bari don makiyayi ya wuce, kowa ya tsira da abinsa. Larabci ma haka yake tafiya. Haddi, wanda muka sani a karatu, asalinsa abin da ya raba tsakanin abu biyu don kada su cakuɗe, kuma yana ɗauke da ma'anar hanawa, har Larabawan dā sukan kira mai tsaron ƙofa da suna daga wannan tushe.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne yadda muka karɓi kalma guda muka ɗora mata kaya, alhali a Hausa muna da kalmomi cike da rumbu, kuma kowace da aikinta. Mutumin Potiskum ba sai an kai shi makaranta a kan wannan ba, ya leƙa kara kawai. Dabaibayi ɗaure ƙafafun gaba ne, dabba na tafiya amma ba ta gudu. Tarnaƙi haɗa ƙafar gaba da ta baya. Turke wuri ɗaya ne, ba motsi. Talala doguwar igiya ce, akuya ta yi kiwo ta zaga har ta manta a ɗaure take, sai ta kai ƙarshe igiya ta tuna mata, shi ya sa ake cewa an yi wa mutum ɗaurin talala. Takunkumi a baki ake sa shi, don kada jaki ya ci amfanin gonar mutane, kuma shi ne gidajen rediyo suka ɗauka idan manyan ƙasashe sun matse wata ƙasa, shi muka sake ɗauka a 2020 muka raɗa wa ƙyallen rufe hanci. Akala ta raƙumi ce, ragama da linzami na doki. Duk wanda ya san dabba ya san ba a yi wa ingarman da aka horar dabaibayi ranar hawa, linzami ake sa masa, shi ma ɗan taɓawa kaɗan ya isa. Kun ga ke nan harshenmu ba ya tsayawa a cewa an hana. Yana gaya maka wa ke riƙe da igiyar, tsawonta nawa, kuma me ya sa aka ɗaura. In aka zo kan ɗan Adam kuwa sai igiya ta ɓace gaba ɗaya, a koma cewa kamun kai, kunya, kawaici, kara. Wannan kara ta ƙarshe rubutunta ɗaya da karar shanu, kuma dattawan kasuwa sun san ko a kara ana kara.

Limit ba ta da wannan bambanci. Ba ta san mai gaskiya ba, ba ta san ɓarawo ba, adadi kawai ta sani. Mu a garin nan ba baƙin hani ba ne, mun ga shekarun dokar hana fita, da hana hawa babur, da dokar ta-ɓaci ta Mayun 2013 lokacin da aka katse layukan waya, Allah kada ya maimaita mana. Amma a wancan lokaci doka muke cewa, mun san mutum ne ya kafa ta, mutum ne zai ɗage ta. Wannan kuwa na'ura ce, ba ka da wanda za ka ce wa don Allah.

Ba yau muka fara aron irin wannan kalma ba, kuma ba laifi ba ne. Birki daga Turanci ya zo tare da mota, yau ga shi har ana taka wa mai surutu birki. Geji ma haka, daga abin auna iskar taya da man inji, har ya zama ana cewa wane ya wuce geji, kafaɗa da kafaɗa da wuce gona da iri. Waɗannan sun zama 'yan gida. Direbobinmu kuma sun san limita, na'urar nan da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya da na kaya tun ranar 1 ga Fabrairun 2017, wadda take hana mota wuce wani gudu ko an take totur har ƙasa. Yaranmu su kuma sun fi son wadda aka ƙara wa harafi biyu a gaba, wai anlimited, datar da ba ta ƙarewa, ko da yake su da kansu suna ba da labarin cewa in an sha da yawa sai ta koma tafiyar hawainiya. Talala ce dai.

Wadda ta sa muka ɗauki alƙalami ita ce ta ukun, wato Limited, wadda ake gajartawa Ltd a jikin allon shago da kan rasit da ƙofar tirela. Ku zaga cikin gari ku ƙirga. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka kalmar girma ce, kamar a ce Alhaji ko Sarkin Kasuwa, alamar cewa harka ta bunƙasa. Har akwai masu sa mai fenti ya rubuta musu ita ba tare da sun taɓa yin rajista ba, don dai allo ya yi kyau. Alhali kuwa ma'anarta kishiyar haka ce. Cewa take yi an taƙaita. Abin da aka taƙaita kuwa shi ne nauyin bashin da ke wuyan mai kamfanin.

Kwanakin baya aka kawo mana wata magana a zauren masallaci bayan la'asar. Wani dattijo manomi daga ƙauyukan hanyar Fika ya ba wani matashin unguwar nan buhunan wake bashi, a kan in an kai Kudu an sayar a kawo kuɗi, kamar yadda ya saba yi da mahaifin yaron shekara da shekaru. Kaya suka daɗe a hanya, ƙwari suka shiga wasu, farashi ya karye, aka yi asara ta gaske, wannan ba wanda ya musa. Dattijo ya yi ta sintiri. Ran da aka zauna sai matashin ya zaro kwafin rasit ya ce, "Baba, ai ba ni na ci bashin nan ba, kamfani ne. Duba sunan da ke sama. An ce mini in kamfani ya karye, abin da ke cikin asusunsa kawai ake bi, kuma babu komai a ciki." Dattijon ya daɗe yana kallon takardar, a juye ma ya riƙe ta. Sannan ya ce, "Ɗana, ni ban san kamfani ba. Kai na sani, na kuma san mahaifinka, Allah ya jiƙansa. Hannunka na kama ran da na ce na sallama." A ƙofar masallaci kuwa ga motar yaron nan a ajiye tana sheƙi. Da taimakon kawunnansa an sasanta, ana biya kaɗan-kaɗan, har yanzu ba a gama ba. Bayan wannan an sake kawo mana irinta, ta shanu, shi ya sa muka ga ba abin yin shiru ba ne.

Abin da aka gaya wa yaron yana da tushe a dokar ƙasa, kada mu ce ƙarya ya ƙaga. Kamfanin da aka yi wa rajista a matsayin Limited, doka tana ɗaukarsa kamar wani mutum ne daban da mai shi. Yana saye, yana sayarwa, yana cin bashi da sunansa. In ya karye, mai hannun jari yana asarar abin da ya zuba ne kawai, ba a bin gidansa ko gonarsa. A Ingila tun 1855 aka yi dokar da ta buɗe wannan ƙofa ga kamfanoni, kuma hikimarta a fili take: mutum ɗari za su iya haɗa kuɗi su yi babban aikin da ɗaya ba zai iya ba, kowa ya san iyakar abin da zai rasa. A nan Nijeriya, dokar kamfanoni da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020 ta yarda mutum ɗaya tak ya kafa irin wannan kamfani, kuma mafi ƙarancin jarin da ake rubutawa ga kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne. Ku auna wannan da kyau. Kamfanin da jarinsa a takarda bai kai kuɗin ɗan maraƙi ba, yana iya karɓar kayan miliyoyi bashi. Sai dai kariyar ba ta kowa ba ce. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, irin su wane da 'ya'yansa, ba shi da ita, bashin shagonsa bashinsa ne. Wanda ya karɓi kaya da sunan kansa, ko ya sa hannu cewa ya tsaya wa kamfanin, shi ma ba shi da ita. In kuma aka tabbatar da zamba, kotu na iya ɗage labulen ta kama mutumin da ke bayansa.

Ta fuskar addini fa? Ba za mu ce haramun ne ba, don manyan malamai sun riga mu dubawa. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta zauna a kan wannan a 1992, ta ce babu laifi a kafa kamfanin da nauyin bashinsa ya tsaya a kan jarinsa. Amma dalilin da suka kafa hukuncin a kai shi ne abin riƙewa: saboda masu hulɗa da kamfanin sun san haka yake, sanin nan kuwa shi ke kawar da yaudara. To, a nan gizo ke saƙa. Bankin da ya ba kamfani rance ya sani, yana da lauyoyi, shi ya sa ma yake neman jingina kafin ya saki ko sisi. Babban dilan Kano ya sani. Amma dattijon da ya riƙe rasit a juye, ya sani? Bafulatanin da ya bar maka bijimai biyar ya koma ruga da alkawarin Laraba mai zuwa, ya sani? A fahimtarmu, in ɗaya ya san ma'anar kalmar ɗaya bai sani ba, kuma wanda ya sani ya yi shiru har sai da asara ta zo, sharaɗin da malaman suka gina a kai bai cika ba. Ko kotu ta wanke shi, mu ba za mu iya ce masa ya kwanta da daɗin rai ba.

Kada kuma a ɗauka Musulunci bai san sassauci ga wanda ya faɗi ba. Ya sani, tun kafin Ingila ta san shi. Wanda ya karanta Risala ya wuce babin ƙiradi, inda mai dukiya yake ba da jari, wani ya yi fatauci, a raba riba. In asara ta zo ba da sakaci ba, mai jari ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa, ba a bin sa ko kwabo. Haka iyayengidanmu suka tashe mu a kasuwa. Bambancin shi ne tun ranar farko kowa ya san a kan me aka shiga. Wanda kuma bashi ya yi masa katutu da gaske, shari'a ta ce a jinkirta masa har ya samu, in an yafe ya fi. In masu bin sa sun kai ƙara, alƙali ya hana shi taɓa dukiyarsa, a sayar a raba musu gwargwadon abin da kowa ke bi, a bar masa tufafinsa da abin da zai ci da iyalinsa na ɗan lokaci. Wannan ma iyaka ce, amma ba ta barin mutum da mota mai sheƙi alhali mai wake yana neman kuɗin taki.

Mu da Allah ya sa muke tsayawa gaban gawa lokaci-lokaci, mun san sanarwar da ake yi a wurin jana'iza: duk wanda ke bin mamaci bashi ya zo ya ga iyalinsa. Ba a taɓa cewa ban da bashin kamfani ba. Daga dukiyar mamaci, bayan kuɗin binne shi, bashi ake fara fitarwa, sannan wasiyya wadda ita ma ba ta wuce sulusi, sannan magada su samu. Ya kuma tabbata cewa an taɓa kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gawar wani mai bashi, bai sallace shi ba sai da sahabi Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, mu ma da muke wannan rubutu muna ci muna bayarwa. Ba cin sa ne abin tsoro ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, 'yan wannan unguwa. Iyayenmu da kakanninmu sun zo garin nan daga ƙasar Kano da Katsina da Haɗeja da sauran wurare, suka tarar da masu gari, Ngizim da Karekare da Bolewa, ga Barebari, ga Fulani a daji. Ba su zo da gona ba, ba su zo da takardar fili ba. Abin da suka jinginar har aka sakar musu hatsi da dabbobi shi ne sunansu. In Bahaushe ya ce Laraba, to Laraba ce. Da wannan aka gina gidajen da muke ciki. Kuma kun san yadda labari yake tafiya a ƙauye: ba za a ce kamfani kaza ya cinye wa wane wake ba, cewa za a yi wani Bahaushe ne daga Potiskum. Ran da manoma da makiyaya suka yanke cewa ba sa sakin kaya sai sun ga alat, manyanmu masu jari ba za su ji komai ba. Ƙananan yaranmu da ke tashi da jarin amana, su za su zauna.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Ba mu ce kowa ya goge allonsa ba, wanda harkarsa ta kai ya yi rajista, yana da amfani wurin banki da wurin neman kwangila. Amma duk mai Limited da zai karɓi kayan mutum bashi, ya faɗa da bakinsa a gaban dillali, da harshen da mai kaya yake ji, ko Hausa ko Fulatanci ko Karekare: bashin nan a wuyana yake, ko kuwa a wuyan kamfani yake, in ya karye ba ka da hanyar bin gidana. In mai kaya ya ji ya yarda, shi ke nan, ciniki ya halatta. In bai yarda ba, a rubuta sunan mutum. A rubuta adadi da ranar biya, a sa shaidu biyu, ko da ajami ne a bayan kwalin sigari. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma har yau in ka ce a rubuta sai a ce ka raina mutum. Dillalai su ma da sauran aiki a gabansu, tunda la'adar da suke karɓa ba ta nuna sa kawai ba ce, har da sanin wa aka ba wa.

Wanda yake da rasit ko takardar bashi da bai gane rubutun kanta ba, ya kawo ta masallaci ranar Alhamis bayan la'asar, washegarin kasuwa. Malamin sakandaren nan ya yi alkawari zai riƙa zama da mu yana karantawa, ba a biyan komai. Iyayenmu mata masu adashi da masu ba da kaya daga cikin gida su aiko yaro da ita. A zo da takardar kanta, ba hotonta a waya ba, domin sau da yawa ƙananan rubutun a bayanta suke.